Yadda Ake Kauce wa Fitinar Masu Hayaniya da Tsare Rai a Kogunan Shaƙatawa

Duk inda kogi ya zama wurin shaƙatawa, ranakun hutu da lokutan zafi kan tara mutanen da ba su zaɓi juna ba a kan ruwa guda. Ga magidanci da ya fito da 'ya'yansa a kwalekwale don su sha iska, ga mai fatsa da ke neman inda babu motsi, ga kuma ayarin matasa da suka ɗaure robobin taya wuri ɗaya suna bin ruwa, kiɗa na tashi, kwalabe na zagayawa tun da hantsi. Yawancin ranaku kowa yakan wuce abinsa lafiya. Amma ranar da aka samu saɓani, kogi ba ya yi wa kowa sassauci, domin wanda aka hankaɗe a tudu ƙasa yake faɗuwa ya tashi ya karkaɗe rigarsa, wanda aka hankaɗe daga kwalekwale kuwa ruwa mai gudu ne ke karɓarsa. Babu ƙofar da mutum zai rufe a bayansa, kuma 'yan sanda ko motar asibiti na iya daɗewa kafin su gano ma ta inda za su gangaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021. Rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka, wadda ke fitar da alƙaluman haɗurran jiragen shaƙatawa duk shekara, ta daɗe tana nanata abu biyu: barasa ce kan gaba cikin sanannun musabbaban haɗurran da ake rasa rai a cikinsu, sannan fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba su sanye da rigar ceto. Bayanin da ke tafe an gina shi a kan magana ɗaya, wato a kan ruwa tazara ita ce kariya, kuma kowane mataki hanya ce ta samar da tazarar nan, ko ta tsira da rai idan ta kuɓuce.

Mataki na farko: ka san kogin tun kana gida

Kowa yakan san inda zai shiga ruwa da inda zai fita. Abin da ake yawan sakaci da shi shi ne wuraren da mutum zai iya fita a tsakanin biyun idan tafiya ta ɓaci. Ka buɗe taswira, ka alamta kowace gada da kowane mashigi da duk inda hanyar mota ta matso kusa da gaɓa, ka adana taswirar a wayarka ta yadda za ta buɗe ko babu intanet, domin kwaruruwan kogi sukan hana waya samun layi. Mutumin da ya san cewa akwai mafita bayan kogin ya yi lanƙwasa biyu yana da zaɓi idan wasu suka matsa masa. Wanda bai sani ba kuwa dole ya yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da masu damunsa na tsawon awanni.

Ka binciki halin ruwan kansa. Masu tuƙin kwalekwale sun kasa wahalar koguna gida shida, daga mataki na 1, ruwa mai laushi da ƙananan taguwoyi, zuwa mataki na 6 wanda gwanaye ma ba kasafai suke tunkararsa ba. Sabon shiga da mai tafiya da yara bai kamata su wuce mataki na 1 ko na 2 ba. Sai dai matakin yana canjawa da yawan ruwa: ruwan sama da aka tafka a can wajen da kogin ya fito, ko sakin ruwa daga madatsa, kan mayar da kogin da jiya yake kwance ya zama wani abu dabam, ko da sararin samaniya a inda kake garau yake. Ka tambaya musamman ko akwai gajeriyar madatsa a hanya, irin wadda ruwa ke kwarara ta samanta daga gaɓa zuwa gaɓa. Daga nesa ba ta da ban tsoro, wani lokaci ba a ma hango ta sai an iso, amma a gindinta ruwa juyawa yake yi, yana mayar da duk abin da ya faɗa zuwa jikin bangon yana dannawa ƙasa, har mai rigar ceto yakan kasa kuɓuta. Irin wannan wuri fita ake yi a ɗauki kwalekwale a zagaye shi ta tudu.

Ka kuma san dokar wurin. Wasu hukumomi sun hana barasa a kan ruwa, wasu sun hana kwalaben gilashi, wasu sun ƙayyade ƙarar kiɗa ko gudun jirgi. A garin New Braunfels na jihar Tekzas ta Amurka, inda dubban mutane ke bin kogunan Comal da Guadalupe a kan robobi, mazauna garin sun kaɗa ƙuri'a a shekarar 2011 suka amince da hana shiga ruwa da gwangwanaye da kwalaben da ake sha a yar. Sanin doka yana amfanarka ta fuska biyu: ba za ka karya ta cikin rashin sani ba, kuma idan za ka kai ƙara za ka iya faɗin takamaiman laifin da aka yi.

Daga nan sai zaɓen lokaci, wanda a ganina ya fi duk wata dabara arha. Maye yakan taru ne da tafiyar rana, saboda haka kogin da yake shiru da safe yakan cika da hayaniya bayan azahar, musamman a ƙarshen mako da manyan ranakun hutu. Wanda ya shiga da sassafe ya fita kafin la'asar ya kauce wa mafi yawan abin da za a tattauna a ƙasa.

Mataki na biyu: kayan da za su kasance a jikinka

Rigar ceto ana sa ta ne a jiki a ɗaure, ba a zauna a kanta ko a cusa ta ƙarƙashin kujera ba, domin lokacin da wani ya kife maka kwalekwale da sunan wasa ba za ka samu zarafin neman ta ba. Ka gwada ta tun a tudu: a ɗaure duka maɗaurai, wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, idan ta haura har kunnuwa, ta yi yawa, kuma a cikin ruwa za ta zame. Yara a ba su daidai nauyinsu, mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ƙwarewa a iyo ba hujja ba ce ta ƙin sa ta, tunda wanda kansa ya bugi dutse ba ya iyo.

A jikin rigar ka ɗaura usur, domin murya ba ta ratsa ƙarar ruwa da kiɗa, kuma busa uku a jere alama ce da aka sani ta neman agaji. Waya ta kasance cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a rataye a jikinka, don idan jirgi ya tafi kada ya tafi da ita. Ka sa takalmi mai kama ƙafa saboda fasassun kwalabe da ƙugiyoyin fatsa. A cikin jirgi kuma a samu igiyar jifa mai tsawon mita 15 zuwa 20 a cikin jakarta, da ruwan sha isasshe, da kayan agajin farko, da tocila ko da ba ka yi niyyar kai dare ba.

Mataki na uku: ku daidaita magana kafin ku shiga

Kada ka tafi kai kaɗai a kogin da ba ka sani ba. Ka bar wa wani da ke gida bayanin inda za ku shiga, inda za ku fita, yawanku, da lokacin da idan bai ji daga gare ku ba zai kira masu agaji. A bakin ruwa kuma ku amince da wanda zai shige gaba da wanda zai kasance a baya, ba mai wuce na gaba, ba wanda za a bari bayan na baya. Ku koyi alamun hannu da masu kogi ke amfani da su: ɗaga filafili a kwance sama da kai yana nufin a tsaya, ɗaga shi a tsaye yana nufin hanya lafiya, dafa tsakar kai da hannu kuma tambaya ce da amsa, wato lafiya kake, lafiya nake.

Akwai wata yarjejeniya da ta fi waɗannan muhimmanci. Ku tsayar da mutum ɗaya, mafi sanyin rai a cikinku, wanda shi kaɗai zai yi magana da baƙi idan aka samu saɓani, sauran su kama bakinsu. Ku kuma yarda cewa duk wanda ya ce a tafi, ko mace ce ko yaro, za a tafi ba tare da gardama ba, a tambaye shi dalili daga baya. Fitina sau da yawa daga cikin ayarin mutum take fitowa, daga wani ɗan'uwa mai zafin kai da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, kuma ja masa kunne a tudu ya fi sauƙi a kan riƙe shi a tsakiyar ruwa.

Game da barasa, mai tuƙi ba shi da uzuri ko kaɗan. A Amurka haddin da dokar tarayya ta sa wa mai tuƙa jirgin shaƙatawa shi ne kashi 0.08 cikin 100 na barasa a jini, amma rana da iska da girgizar jirgi suna gajiyar da jiki ta yadda kaɗan ma takan yi aikin mai yawa. Tana ɓata daidaiton tsayuwa, tana jinkirta hukuncin ƙwaƙwalwa, tana kuma buɗe hanyoyin jini na fata ta yadda zafin jiki ke saurin zurarewa idan an faɗa ruwan sanyi.

Mataki na huɗu: ka karanci jama'a tun daga nesa

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Hayaniya kaɗai ba haɗari ba ce. Mutane na iya ihu da waƙa da watsa wa juna ruwa ba tare da sun cutar da kowa ba, kuma wanda ya ɗauki kowane mai dariya abokin gaba shi ma zai jawo rigima. Alamun da ya kamata su sa ka shiri su ne idan wasan ya fara fita daga cikin ayari zuwa kan baƙi: jifan masu wucewa, kiran mata da kalaman batsa, kama jirgin wasu, tsalle daga gada ko bishiya ba tare da duba wanda ke ƙasa ba, ko tare mashigi mai ƙunci da robobi a ɗaure.

Da zarar ka hango irin wannan, ka tara mutanenka wuri ɗaya, yara da marasa ƙwarewa a ɓangaren da ke nesa da su. Kana da zaɓi biyu. Idan kogin yana da faɗi kuma kuna da kuzari, ku bi ta ɗaya gefen ku wuce da tuƙi mai ɗorewa, ba gudun firgita ba, har sai kun ba su tazara sosai. Masu bin ruwa a kan robobi ba sa iya cim ma kwalekwale. Idan wurin ƙunci ne, ko akwai ruwa mai duwatsu a gaba, ku ja gefe tun kafin ku iso su, ku huta rabin awa, ruwa ya tafi da su. Kada ka taɓa shiga wuri mai wahala tare da mutanen da ke cikin maye, domin idan suka kife kai za su fara cafka. Gaisuwa gajeriya da ɗaga hannu yayin wucewa tana kashe tsokana da yawa, amma kada ka tsaya hira, kada ka karɓi abin sha daga hannun wanda ba ka sani ba, kada kuma ka yarda a ɗaure jirginka da nasu.

Mataki na biyar: idan tsokanar ta iso kanka

Nan ne ake cin nasara ko a yi asara, kuma abokin gabar mutum a nan zuciyarsa ce. An zage ka gaban iyalinka, an watsa wa matarka ruwa, an yi wa 'yarka maganar banza; jini zai tafasa, kuma za ka ji cewa shiru ragwanci ne. Sai dai ka tuna cewa mai maye ba ya jin hujja, kuma yana gaban abokansa da yake son burgewa, saboda haka duk kalmar da ta muzanta shi za ta tilasta masa ya ƙara gaba. Faɗan da ya fi ƙarfinka mayar da shi wasa, in ji masu iya magana, kuma a kan ruwa kowane faɗa ya fi ƙarfin kowa.

A ranar 30 ga Yulin 2022, a kogin Apple da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, inda jama'a ke bin ruwa a kan robobin taya, wani mutum mai shekara 52 da ke neman wayar abokin tafiyarsa da ta ɓace ya yi kiciɓis da wasu matasa. Cacar baki ta kaure, wasu daga wani ayari suka shigo, aka kai ga ture-ture da duka, sai mutumin ya zaro wuƙa ya soki mutum biyar. Yaro ɗan shekara 17 ya rasu, kuma a 2024 kotu ta yanke wa mutumin ɗaurin shekara 20. Abin da ya fi taɓa ni a wannan lamari shi ne, kafin wuƙar ta fito, kowane ɓangare yana da damar juyawa ya bi ruwa, amma ba wanda ya yi. Darussa biyu ke nan a fili: kada ka tsaya inda ake taruwa a kanka, kada kuma ku taru ku kewaye wani ko da kuna ganin shi ne mai laifi, domin wanda aka toshe wa mafita yakan aikata abin da shi kansa bai shirya ba.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Ka ci gaba da tuƙi yayin da kake magana, kada ka ajiye filafili. Ka sassauta murya, ka yi jimla gajeriya mai neman abu ɗaya, kamar ka ce akwai yara a jirgin nan, don Allah ku ba mu hanya. Kada ka yi nuni da yatsa, kada ka zagi, kada ka yi wa'azi a kan shan barasa, kada ka yi barazanar kiran 'yan sanda. Idan za ka kira, ka kira bayan ka yi nisa. Sau da yawa a cikin kowane ayari akwai mutum ɗaya da bai bugu sosai ba kuma kunya ta fara kama shi, to shi za ka kalla ka yi wa magana, domin shi ne zai iya janye nasu. Ɗaga waya a fuskar mutum ana ɗaukarsa hoto kamar zuba fetur ne a wuta. Idan kana son hujja, wani daga cikinku ya ɗauka a hankali daga nesa.

Idan wani ya kama bakin kwalekwalenka, kada ka miƙe tsaye, domin tsayuwa ita ce ke kifar da jirgi. Ka durƙusa ko ka zauna ƙasa-ƙasa, ka umarci kowa ya yi haka, ka ce masa ya saki da murya mai ƙarfi wadda jama'ar da ke kusa za su ji, sannan ka busa usur. Kada ka doke shi da filafili a ka: mai maye da ya suma a ruwa nutsewa zai yi, kuma alhakin ransa zai hau kanka a gaban shari'a. Dokokin kare kai sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina ana duba ko ƙarfin da ka yi amfani da shi ya dace da barazanar. Wuƙar da wasu masu kogi ke ɗaurawa a riga ta yanke igiya ce idan ta sarƙe mutum, kuma fito da ita a lokacin rigima yana mayar da hayaniya ta zama batun rai. Idan aka ƙwace maka hula ko akwatin sanyaya abin sha, ka bar shi ya tafi.

Mace da aka bi da tsokana ko taɓi kada ta ware zuwa wurin da ba kowa don ta ɓuya. Ta nufi inda iyalai suke ko inda ma'aikatan wurin ke tsaye, ta zaɓi mutum ɗaya ta yi masa magana kai tsaye, ta ce kai mai jar riga, wannan mutumin yana bina, taimaka mini, domin kiran jama'a a dunƙule yakan sa kowa ya jira wani ya fara. Wanda kuma ya ga ana yi wa wata haka, ba sai ya tunkari mai laifin ba. Ya matso da jirginsa kusa da ita, ya yi mata magana kamar sun san juna, ya raka ta har mafita. Idan an biyo ku, kada ku fita a gaɓar da ba kowa, ku ci gaba zuwa mashigi mai jama'a. A wurin ajiye motoci ma a yi hattara, domin a nan ake sake haɗuwa da waɗanda aka rabu da su a ruwa. Idan kun hango su, ku jira su tafi kafin ku loda kaya.

Mataki na shida: jiragen inji da baburan ruwa

Wani nau'in rashin ɗa'a shi ne mai babur ɗin ruwa ko jirgin gudu ya riƙa kewaya ƙananan kwalekwale don ya ga sun yi tangaɗi. Idan taguwarsa ta nufo ka, kada ka bari ta buge ka a gefe. Ka juya goshin jirgi ya fuskance ta a ɗan karkace, ka rage tsawo, ka ci gaba da tuƙi har ta wuce. Sannan ka matsa kusa da gaɓa inda ruwa ba shi da zurfin da inji zai bi ka. Ka haddace lambar rajistar da ke jikin goshin jirgin da launinsa. Idan kana cikin ruwa kuma jirgi ya zo ɗaukarka, kada ka kusanci bayansa sai an kashe inji, saboda farfela.

Kada ka ɗauka cewa babban jirgi ya gan ka. A daren 20 ga Agustan 1989, a kogin Temz na birnin Landan, jirgin yashi mai suna Bowbelle ya bugi jirgin shaƙatawa Marchioness da ke ɗauke da masu biki, mutum 51 suka mutu, kuma binciken da aka yi ya gano cewa jiragen biyu duk ba su sa ido yadda ya kamata ba. Ƙaramin kwalekwale ya fi wannan wuyar gani nesa ba kusa ba, don haka ka kauce wa tsakiyar hanyar manyan jirage, ka sa tufafi masu haske, ka kunna fitila idan duhu ya fara.

Mataki na bakwai: idan ka tsinci kanka a cikin ruwa

Minti na farko shi ne mafi haɗari, musamman idan sanyin ruwan ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas. Jiki yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son mutum ba, kuma idan kai yana ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa za a shaƙa. Kada ka fara iyo nan take. Ka kwanta rigingine, ka bar rigar ceto ta ɗauke ka, ka jira numfashi ya daidaita. Bayan haka kana da kimanin minti 10 kafin sanyi ya fara kashe ƙarfin hannaye, to a cikinsu za ka nemi fita.

Ka mayar da ƙafafu gaba, wajen da ruwa ya nufa, yatsu a saman ruwa, don su tare maka duwatsu. Kada ka yi ƙoƙarin tsayuwa a ruwa mai gudu da ya haura gwiwa, domin ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya tunkuɗa ka ya danne fuskarka ƙasa, kuma hakan yana kashe mutane a wurin da zurfinsa bai kai ƙirji ba. Ka kasance a bayan jirgin da ya kife, ta ɓangaren da ruwa ke tahowa, kada ya matse ka da dutse. Ka nufi gaɓa a karkace, ba tare da ka yi kokawa da ruwan ba. Bishiyar da ta faɗi cikin kogi kuma ba wurin kamawa ba ce: ruwa yana ratsa rassanta amma mutum ba ya ratsawa. Ka kauce mata tun daga nesa, idan kuwa ba makawa, ka juya rub da ciki, ka yi iyo da ƙarfi kai a gaba, ka haye samanta kafin ruwa ya ja ƙafafunka ƙarƙashi.

Mataki na takwas: ceton wani, ko da shi ne ya tsokane ka

Mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba. Za ka ga kai ya ɗaga baya, baki yana nutsewa yana fitowa, hannaye na dannar ruwa, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa, ana tsakiyar kiɗa ba wanda ya lura. Idan ka gani, ka busa usur, ka nuna mutum ɗaya ka ce ya kira agaji. Ka fara da miƙa masa filafili ko sanda kana kwance ko durƙushe. Idan ya yi nisa, ka jefa igiya ko wani abu mai yawo a kan ruwa, amma kada ka ɗaura igiyar a jikinka. Idan hakan bai yiwu ba, ka je da jirgi ka ba shi goshi ko wutsiyar jirgin ya riƙe, ba gefensa ba. Shiga ruwa da kanka shi ne zaɓi na ƙarshe, na wanda aka horar, domin mai firgita yakan haye kan mai cetonsa su tafi tare.

Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, har masu agaji su iso. Kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki don fitar da ruwa. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefe saboda amai, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Raunin da ke zubar da jini kuma a danne shi da tsumma da ƙarfi ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba.

Mataki na tara: kiran agaji da kai rahoto

Ka san lambar gaggawa ta ƙasar da kake: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, mai rediyon jirgi kuma tasha ta 16 ce ta neman agaji. Abu na farko da za ka faɗa shi ne wuri, domin layi na iya yankewa: sunan kogi, gada ko mashigi na ƙarshe da kuka wuce, tsawon lokacin da kuka yi bayansa, da gaɓar da kuke, dama ko hagu idan an fuskanci inda ruwa ya nufa. Sannan ka faɗi abin da ya faru, yawan waɗanda suka ji rauni, da ko akwai makami.

Ko da ba wanda ya ji ciwo, ka kai rahoton duk wanda ya kife jirgin wasu da gangan, ko ya taɓa mace, ko ya tuƙa inji cikin maye, ga masu kula da wurin ko 'yan sanda, domin da irin waɗannan rahotanni hukuma ke sanin inda za ta ƙara sintiri. Ka rubuta lokaci da kamannin mutanen da lambar jirgi tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwarka, ka miƙa hotunan ga hukuma maimakon watsa su a Facebook, inda za su iya ɓata bincike ko su jawo maka ramuwa. Duk wanda ya shaƙi ruwa kuma, ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a sa masa ido na tsawon awanni bayan an koma. Idan tari ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi nauyi, ko ƙirji na ciwo, ko wani barci da ba a saba gani ba ya rufe shi, a kai shi asibiti a daren, kada a bari sai da safe.